Lambar reshen banki a Najeriya

Lambar reshen banki, wadda ma'aikatan banki suka fi kira da sunanta na Turanci wato sort code, lamba ce mai alƙaluma 9 da take nuna bankin da asusu yake, da jihar da reshen yake, da kuma shi kansa reshen. Ana amfani da ita wajen musayar caki tsakanin bankuna da kuma wasu hanyoyin tura kuɗi ta na'ura a cikin gida. Babban Bankin Najeriya, CBN, shi yake kula da tsarin. Lambar ta reshe ce ba ta mutum ba, saboda haka duk waɗanda suka buɗe asusu a reshe guda lambarsu ɗaya ce.

Yadda aka tsara lambar

Lambar ta kasu kashi huɗu. Alƙaluma 3 na farko lambar banki ce, 2 da suke biye lambar jiha, 3 na gaba lambar reshe, na ƙarshe kuma alƙalamin tantancewa ne. Misali, lambar hedikwatar First Bank da ke Legas ita ce 011151003. A cikinta 011 na nufin First Bank, 15 na nufin Legas, 100 shi ne reshen, 3 kuma na tantancewa.

Daga cikin lambobin bankuna akwai 032 na Union Bank, 033 na UBA, 044 na Access Bank, 057 na Zenith Bank, 058 na GTBank, 070 na Fidelity Bank, 214 na FCMB, 215 na Unity Bank da 301 na Jaiz Bank. Idan banki ya sauya hannu lambarsa takan bi shi, kamar yadda Polaris Bank ya ci gaba da amfani da 076 bayan ya gaji Skye Bank a 2018. Idan kuwa wani banki ya haɗiye wani, rassan sukan koma ƙarƙashin lambar wanda ya saura. Haka ta faru ga Diamond Bank mai lamba 063 da ya haɗe da Access Bank a 2019. Sauyi mafi girma irin wannan shi ne na 2004 zuwa 2005, lokacin da Charles Soludo yake gwamnan CBN, inda yawan bankunan ƙasar ya ragu daga 89 zuwa 25.

Alƙalamin tantancewa aikinsa kama kuskuren rubutu. Ana ninka alƙaluma 8 na farko da 3, 7, 1, 3, 7, 1, 3, 7 bi da bi, a tara sakamakon, sannan a nemo abin da za a ƙara don jimlar ta rabu da 10 ba tare da saura ba. A misalin First Bank na sama jimlar 47 ce, abin da ya rage ta kai 50 shi ne 3. Idan magatakarda ya yi kuskuren alƙalami ɗaya, lissafin ba zai fita ba, kwamfuta sai ta ƙi karɓar lambar. Irin wannan lissafi ne ake yi wa lambar bankunan Amurka, wadda ita ma alƙaluma 9 ce.

Lambobin jihohi

Alƙaluma biyu na jiha suna ɗauke da tarihin ƙirƙirar jihohi a Najeriya. Lambobi 01 zuwa 22 sun bi jerin haruffan sunayen jihohi 21 da ake da su tsakanin 1987 da 1991, tare da Abuja. Akwa Ibom ce 01, Abuja 08, Kaduna 11, Kano 12, Katsina 13, Legas 15, Sakkwato kuma ita ce ta ƙarshe da 22. Sunayen da suka ɓace ma sun bar sawunsu: Edo tana amfani da 04, gurbin tsohuwar Jihar Bendel, Adamawa kuma 09, gurbin Gongola.

Kebbi ba ta cikin wannan jeri na farko domin tana cikin Jihar Sakkwato har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro ta. Sababbin jihohi 9 na wannan shekara an jera su a bayan Sakkwato, daga Abia mai 23 zuwa Yobe mai 31, inda Jigawa ta sami 26, Kebbi 27. Jihohi 6 na 1996 suka ɗauki 32 zuwa 37, Zamfara ce ta ƙarshe. Don haka reshen banki a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega zai nuna 27 a matsayi na huɗu da na biyar.

Sunan wuri yana iya rikita mai neman lamba a intanet. Akwai unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, akwai ƙaramar hukumar Nasarawa a Kano, akwai kuma Jihar Nasarawa mai hedikwata a Lafiya. Lambar jiha ce take raba su: 27 ta Kebbi, 12 ta Kano, 36 ta Jihar Nasarawa.

Tarihin amfani da ita

Asalin lambar daga caki ne. A ƙasan kowace takardar caki akwai layin lambobi da aka buga da tawada mai maganaɗisu don na'ura ta iya karantawa, a nan ake samun lambar cakin da lambar reshe da lambar asusu. A da, idan ɗan kasuwa ya kai cakin wani banki zuwa bankinsa, dole takardar ta je wurin musayar caki na CBN, daga nan ta isa reshen da ya bayar da ita a tabbatar akwai kuɗi. Lambar reshe ita ce adireshin da takardar take bi. Cakin da ya fito daga wata jiha yakan ɗauki makonni kafin kuɗin su shiga.

A 1993 aka kafa kamfanin NIBSS, mallakar CBN da bankuna, ya fara aiki a 1994 domin daidaita lissafi tsakanin bankuna. A 2004 ya fito da NEFT, hanyar tura kuɗi ta na'ura da take tara umarnin biya rukuni-rukuni tana aiwatar da su a wasu lokuta na yini, kuma ta gaji lambar reshe daga tsarin caki. Daga 2012 a Legas, sannan 2013 a duk ƙasa, aka daina safarar takardar caki, hotonta kawai ake aikawa.

Zuwan NUBAN

Kafin 2011 kowane banki yana da tsawon lambar asusunsa, wasu ma suna cusa lambar reshe a ciki. A 2010 CBN ya fitar da tsarin NUBAN, ya wajabta shi daga Yuni 2011. Kowane asusu ya koma alƙaluma 10: 9 na asusun, na goma na tantancewa, wanda ake lissafawa tare da lambar bankin. NUBAN ba ta ɗauke da bayanin reshe ko kaɗan. A 2020 aka faɗaɗa tsarin ya haɗa da ƙananan bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi.

A shekarar 2011 ɗin NIBSS ya ƙaddamar da NIP, hanyar tura kuɗi nan take da manhajojin waya da masu POS suke amfani da ita. Abin da take buƙata shi ne sunan banki da lambar asusu, sai ta nuno sunan mai asusun kafin a tura. Wannan ne ya sa mai sayen shinkafa a Kano yake biyan manomi a Argungu cikin daƙiƙoƙi, ba tare da ɗayansu ya san lambar reshen da aka buɗe asusun ba. Galibin masu asusu na yanzu ba su taɓa ganin tasu ba.

Inda har yanzu ake nemanta

Lambar ba ta mutu ba. Tana nan a kan caki, kuma ana yawan tambayarta a fom ɗin biyan albashi da fansho, da na 'yan kwangila, da na ribar hannun jari, da wasu takardun tallafin karatu. A irin waɗannan biyan na mutane da yawa a lokaci guda, lambar da ba daidai ba takan sa a dawo da kuɗin, mai su ya yi ta jira har a gyara. Kuskure a alƙaluma 3 na farko ya fi illa, tunda su ne suke kai kuɗin ga banki. Hanya mafi aminci ta samun lambar ita ce duba ƙasan caki ko tambayar reshen da aka buɗe asusun, domin jerin da ake samu a shafukan intanet sau da yawa tsofaffi ne, suna ɗauke da rassan da aka rufe.

Lambar reshe ba sirri ba ce. Ta bambanta da BVN, lambar mutum mai alƙaluma 11 da aka fara a 2014, ta kuma bambanta da lambar SWIFT mai haruffa da alƙaluma 8 ko 11 da ake amfani da ita wajen karɓar kuɗi daga waje.

A wasu ƙasashe

A Birtaniya lambar reshe alƙaluma 6 ce, ana rubuta ta biyu-biyu. Indiya tana da IFSC mai gurbi 11: haruffa 4 na banki, sifili, sai 6 na reshe. A Jamhuriyar Nijar, wadda Kebbi take iyaka da ita ta wajen Kamba, ana bin tsarin bankin BCEAO na ƙasashe masu kuɗin sefa. Cikakkiyar lambar asusu a can ana kiranta RIB, tana da gurbi 24: 5 na banki, 5 na reshe, 12 na asusu, 2 na tantancewa. Wato a Gaya ko Dosso lambar reshe tana cikin lambar asusun, saɓanin NUBAN da ta raba su.