Faifan Niamey Twice da Shigar Kiɗan Bori Sutudiyo

A shekarar 1968 ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna Byrds ta fitar da faifanta Sweetheart of the Rodeo, inda ta haɗa jita mai lantarki da kiɗan mutanen karkara. Da suka je Nashville, cibiyar wannan kiɗa, suka hau dandalin Grand Ole Opry, masu sauraro ba su yi musu maraba ba, don suna ganin samari ne masu dogon gashi suka shigo gonar da ba tasu ba. Irin wannan gamin gambiza ya auku a ƙasar Hausa, sai dai namu ya fi nasu nauyi, domin abin da aka taɓa a nan ya shafi imani ne.

Faifan da ake magana shi ne Niamey Twice, wanda kamfanin Stern's na London ya fitar a 1994, bayan da Ibrahima Sylla, mutumin Sanagal, ya ɗauki nauyin aikin. Mawaƙa biyu ne suka raba shi: Moussa Poussy da Zabarmanci, Sa'adu Bori na Maradi kuma da Hausa. Sa'adu ya ɗauko kiɗan da aka saba yi da garaya da goge da caki don kiran iskoki, ya ɗora shi bisa jita da gangunan Turawa.

Ba abin mamaki ba ne a ce Maradi ce ta haifi wannan. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 su suka kafa ta, suka kuma tafi da al'adun fadarsu, har da sarautar Iya wadda ke shugabantar 'yan bori. Abin da ya koma ɓoye a Kano da Sakkwato, a Maradi ya ci gaba da zama a ƙofar fada. Bugu da ƙari, bayan rasuwar Shugaba Seyni Kountché a 1987 gwamnatin Nijar ta sassauta wa makaɗan zamani, ga gasar Ɗan Gurmu, ga kuma cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Arewacin Nijeriya, duk da yawan jama'arta da kuɗinta, ba ta yi wa masu jita irin wannan tanadi ba.

To, me sutudiyo ya yi wa kiɗan? A dandalin bori makaɗi ba ya duba agogo. Yakan maimaita take har sai iska ya hau dokinsa, ko da za a kai asuba. Faifai kuwa mintuna biyar ko shida yake bayarwa. Saboda haka aka datse maimaicin, aka bar amo da kirari, aka mai da kiɗan magani ya zama na rawa. A ganina an yi hasara a nan, amma ta wannan hanya ce ɗalibin da ba zai taɓa kusantar gidan bori ba ya ji amon a kaset.

Ita kuwa ainihin al'adar ba ta sami sauƙi ba. A watan Nuwamba na 2000, yayin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, an kai wa gidajen 'yan bori hari a cikin Maradi. Sa'adu Bori ya rasu a haɗarin mota a 2008.