Makullin Marsandin Baffa

Ranar da aka yi sadakar arba'in ɗin Baffa, bayan baƙi sun watse an naɗe tabarmi, sai aka zauna lissafin abin da ya bari. Gonaki uku, gida, shanun huɗa biyu, geron da ke rumbu, sai tsohuwar Marsandinsa ruwan madara da ke fake a gindin darbejiya a ƙofar gida, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Ɗambatta. Malamin da zai raba gado ya ce a tashi motar a kai ta birni a yi mata kuɗi, domin a cikin magada akwai marayu ƙanana, kuma haƙƙinsu ba abin wasa ba ne.

Aka nemi makulli sama ko ƙasa, babu. Aka zazzage jakarsa, aka ɗaga katifa, aka duba cikin gafakar Alƙur'aninsa. Can sai Hajiya ta tuna cewa a aljihun 'yar ciki yake ajiye shi, kuma tufafinsa an rabar sadaka tun ranar uku. Wani dillali ya zo, ya zagaya motar, ya leƙa ta gilashi, ya taya ta da kuɗin da 'yan gwangwan za su saye ta a kilo. A nan na ga yadda ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba yake riƙe da rabon yara huɗu. Neman mafitar wannan al'amari shi ya sa na bi sawun tarihin makulli a ƙasarmu.

A karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir har Bichi da Makoɗa da Ɗambatta, gona ba ta hutawa, kuma da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga gida ba. Kakanninmu da jakuna suke kai itace da hatsi birni, su dawo da taki. Gidan manomi darni ne na kara, ko katangar ƙasa da zaure, ɗakuna kuma tufaniya ko asabari ke rufe su. Wanda ya samu ƙyaure sai ya yi masa sakata ta ciki. Abin da ke tsaron dukiya a nan shi ne yawan jama'a da sanin juna: baƙo ba zai ratsa gonaki da jakin wani ba tare da an tambaye shi daga ina zuwa ina ba.

Rufe ƙofa na gaske a birni yake. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a farkon 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ƙirga ƙofofi 15 a jikin ganuwa. Ya tarar da ƙyamarensu na itace ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da hudowar rana, a rufe da faɗuwarta. Kowace ƙofa da sarkinta, kuma maƙeran gari su ke ƙera ƙarafanta, su ke gyara su. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya kankama, kantunan Turawa irin su John Holt suka cika kasuwa da kwaɗo da akwatin ƙarfe. A hankali kwaɗo ya bi 'yan koli zuwa kasuwannin ƙauye, ya hau ƙofar rumbu da akwatin amarya. Ko a lokacin, in makulli ya ɓata ba a tayar da hankali. Maƙeri zai fasa kwaɗon, ko ya goga maka wani makullin da magagari.

Motocin farko ma ba su dogara da makulli wajen tashi ba, ƙarfe ake zurawa ta gaba a murɗa da hannu. Sai a 1949 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da makullin da murɗawa ɗaya ke kunna wuta ta kuma tashi inji. Yadda gidan makullin mota yake aiki bai da wuyar ganewa. A cikinsa akwai 'yan faifan ƙarfe a jere, kowanne da ɗan sifirin da ke tura shi waje ya tokare. In makullin da ya dace ya shiga, haƙoransa sai su janyo faifan nan duka su daidaita, gidan ya juya. In ɗaya ya saura a waje, ko kwana za ka yi kana murɗawa ba zai motsa ba.

Marsandi ta shigo karkararmu ne a bayan kuɗin man fetur. An biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, shekarar da kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. A cikin baƙar Marsandi aka harbe Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kuma gwamnatin da ta biyo baya ta mayar da manyan jami'anta cikin Fijo 504. Marsandi ta zama ta sarakuna da attajirai da 'yan kwangila, sannan 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu suka rungume ta har aka laƙaba wa babbarta, wadda ta fito a 1979, sunan Shagari. Kamfanin ANAMMCO da ya fara aiki a Inugu a 1980 manyan motocin kaya da bas-bas yake harhaɗawa, don haka ƙananan na shiga daga Jamus ake kawo su.

Abin da ya sauko da Marsandi zuwa hannun irin su Baffa shi ne karyewar naira. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali. Sai kasuwar motocin da Turawa suka gama hawa ta buɗe, waɗanda muke kira Beljiyam. Ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wasu a biyo da su ta Nijar, su shigo ta Jibiya ko Kwangwalam ko Maigatari. Mai hatsi a Dawanau ko mai shanu a kasuwar Ɗambatta, in Allah ya buɗa masa, sai ya je Hajji, ya dawo ya sayi Marsandi. Ta Baffa ƙirar 200 ce, daga jerin da kamfanin ke kira W123, wanda aka fara sayarwa a 1976 aka ƙera sama da miliyan biyu da rabi.

Irin wannan mota da makulli iri biyu take fitowa daga masana'anta. Akwai na maigida, wanda ke buɗe komai, akwai kuma na biyu da ke buɗe ƙofa ya tashi inji amma ba ya buɗe but ko akwatin gaba. Bature ya yi shi ne don ma'aikacin otal ko gareji, mu kuma ya zo mana daidai da zaman alhaji da direbansa. Sai dai motar Beljiyam da wuya ta iso da makulli fiye da ɗaya, kuma shi ma ya sha hannu.

Abin da ya fi burge mutanen ƙauye shi ne yadda Baffa zai murɗa makulli a ƙofar direba, sauran ƙofofin duka su kulle kansu. Yara har taruwa suke yi su kalla. Ba wutar lantarki ba ce ke wannan aiki, iska ce. Injin yana zuƙar iska ta cikin siraran tiyo da suka ratsa jikin motar, a sauran ƙofofin kuma akwai 'yar roba da ke motsawa ta ja maɓallin. A bayan motar akwai wani ɗan tanki da ke riƙe zuƙar, shi ya sa ake iya kullewa ko an kashe inji. A waɗanda suka biyo baya, irin Bi-but da ta fito a ƙarshen 1984, sai aka sa ɗan famfo mai aiki da batir a ƙarƙashin kujerar baya.

Wanda ya tsara wannan bai yi shi don zafin bazarar Kano ba. Rana na busar da robar ta tsage, ɓera na cin tiyo in an ajiye mota kusa da rumbu, kuma huda ɗaya ta isa ta kashe aikin ƙofofin gaba ɗaya. Gidan makullin ma yana shan tasa wahalar. Ƙurar hunturu na shiga, sai mai mota ya ɗiga baƙin mai don ya yi laushi, man ya haɗu da ƙura ya zama taɓo, faifan su maƙale. Ga kuma al'adarmu ta haɗa makullin mota da na shago da na rumbu a zobe ɗaya, nauyinsu na rinjayar gidan makullin tashi har ya cinye. In an je yanko wani, daga tsohon da ya riga ya side ake kwafa, sabon ya gaji duk lahanin tsohon. Ƙarshenta sai a tafi Ƙofar Ruwa a sayo gidan makulli na wata motar da aka farke a ɗaura. Da haka za ka ga Marsandi ɗaya da makulli uku: na ƙofa daban, na but daban, na tashi daban.

Wannan ne ya toshe mana hanya ta farko. Kamfanin yana iya yanka makulli daga lambar jikin mota, in ka kawo shaidar cewa taka ce. Takardun kwastan na Baffa kuwa gara ta daɗe da gamawa da su, kuma babu wanda zai rantse cewa gidajen makullin da ke jikin motar su ne na asali. Wani matashin bakanike ya ce a haɗa waya kawai a tashe ta. Aka tuna masa cewa sitiyari a kulle yake, kuma gidan makullin tashi ba ya fitowa ta lalama sai an murɗa shi mataki ɗaya da makullinsa. In ba haka ba sai yanka da fasawa, darajar motar ta ƙara zubewa.

Daga birni muka ɗauko wani dattijo mai yankan makulli, wanda ya ce shi jikan maƙera ne. Ya zura waya ta gefen gilashi ya ɗaga maɓalli, amma bai kula ƙofar direba ba, sai ya zagaya ɗaya gefen. Na ce, "Baba, ai ga ƙofar da ake shiga nan." Ya ce, "Samari, wannan ta sha wuya, wataƙila ma an canza ta. Ta gefen mai zaman banza ba a cika sa mata makulli ba, ita ce ba ta manta ba." Ya kwance gidan makullin, ya wanke shi da kananzir, ya jera faifan a kan farin ƙyalle yana duban tsayin kowanne. Sannan ya ɗauko makulli marar haƙori da magagari, yana gogawa yana gwadawa, tun hantsi har aka kira azahar. Da ya zura shi a gidan tashi, sai muka ji sitiyari ya saki. Aka kawo batir, aka zuba fetur, a murɗawa ta huɗu motar ta yi tari ta kama. Hajiya na daga cikin zaure, sai kuka.

Da Marsandin Baffa ta ƙara shekara goma sha biyar a ƙuruciya, da magagarin dattijon nan bai yi amfani ba. Tun 1982 Renault ta Faransa ta fito da makullin da ke buɗe ƙofa daga nesa. Bayan rushewar katangar Balin a 1989 satar motoci ta yi ƙamari a Jamus, kamfanonin inshora suka matsa lamba, har ya zama daga 1998 doka ta wajabta wa sababbin motoci a Tarayyar Turai na'urar da ke hana inji tashi sai ta gane makullinsa. A 1997 Marsandi ta fito da makullin roba marar haƙori, wanda ke gaisawa da kwamfutar mota ta hanyar hasken da ido ba ya gani. Ɗan ƙarfen da ke ɓoye a cikinsa ƙofa kawai yake buɗewa. Asirin ya tashi daga jikin ƙarfe ya koma lambobin da ke ajiye a Jamus.

Waɗannan motoci su ma sun tsufa, sun biyo hanyar Kwatano, sun iso ƙauyukanmu da makulli ɗaya tal. Da yawansu ba su da cikakkun takardu, balle bayan hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga farkon 2017. In makullin ya faɗa rijiya ko aka wanke shi a aljihu, sai a ɗauki motar a kan wata motar zuwa birni, wurin samarin da suka koyi karanta ƙwaƙwalwarta da kwamfuta da na'urorin Sin, ko a sauya makulli da gidansa da kwamfutar inji gaba ɗaya. Wani lokacin kuɗin aikin ya kusa rabin kuɗin motar. Shi ya sa in kana bin hanyar Bichi ko ta Ɗambatta za ka riƙa ganin manyan motoci a kan duwatsu a ƙofar gidaje, jikinsu garau, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Ba duka ne inji ya kashe ba.

An sayar da motar Baffa ninki uku na abin da dillalin farko ya taya, aka raba kuɗin yadda shari'a ta tsara, aka sayi tumaki da rabon marayu. Kafin dattijon ya tafi ya yanka makulli na biyu daga sabon, ya miƙa wa yayanmu, ya ce a ba wanda ya saya duka biyun, a kuma gaya masa kada ya ajiye su a riga ɗaya. Bayan wata biyar, wani almajiri ya yi sallama a ƙofar gida, sanye da 'yar cikin Baffa da ta yi masa yawa, ya miƙo wani sulɓaɓɓen makulli mai tambarin tauraro, ya ce a aljihu ya tsinta. Hajiya ta karɓa ta sa masa albarka, ta ɗaure shi a bakin zanenta. Yana nan a wurinta har yau.