Adas da Ƙasar da Ake Noma Shi

Adas, wato ɗan ƙaramin dangin wake mai faffaɗar ƙwaya wanda sunansa ya zo a aya ta 61 ta Suratul Baƙara, yana cikin tsirran farko da ɗan Adam ya noma, domin an fara shuka shi kimanin shekara 10,000 da suka wuce a yankin kudu maso gabashin Turkiyya da arewacin Siriya na yau, daga nan ya bazu zuwa Masar da Habasha da Indiya. Tun da daɗewa masu dafa shi sun san na wani gari ya fi na wani saurin nuna a tukunya, amma sai a zamanin awon kimiyya aka gane cewa bambancin ya kai har ga abin da ƙwayar ke bai wa jiki.

Inda wannan al'amari ya fi fitowa fili shi ne lardin Saskatchewan na Kanada, wanda manomansa suka daɗe suna dogara ga alkama. A shekarar 1978 masanin kyautata iri Alfred Slinkard na jami'ar lardin ya fitar da wani koren adas mai manyan ƙwayoyi da aka sa wa suna Laird, wanda ya jure gajeren lokacin noma na wurin, kuma sannu a hankali Kanada ta zama kan gaba wajen sayar da adas ga duniya. Ƙasar noman lardin ta samo asali ne daga laka da tsohon teku ya bari, saboda haka tana da wadatar seleniyam, sinadarin da jiki ke buƙatar kaɗan daga cikinsa domin garkuwarsa da aikin maƙoƙon wuya. Saiwar adas tana zuƙo shi ta adana a ƙwaya, shi ya sa adas ɗin Saskatchewan ya ninka na Nepal a wannan sinadari, alhali a faranti ido ba ya bambanta su.

Furotin, wato abin gina jiki, kusan rubu'in nauyin ƙwayar ne, kuma ya dogara da ƙwayoyin halittar da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwa suna jawo naitirojin daga iska. Yanayi ma yana da tasa rawar: zafi da fari a lokacin da kwanso ke cika suna tsumburar da ƙwaya, kuma zafin yana ƙara sinadarin fitik, wanda ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana hanji tsotse su, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga iyalan da adas ne namansu.

Wannan ne ya sa cibiyar binciken noma ta ICARDA, wadda aka kafa a 1977 ta zauna kusa da Halab har zuwa 2012, da abokan aikinta na Bangaladash suke gwada kowane sabon iri a gonaki masu ƙasa da yanayi daban-daban kafin a raba wa manoma, kamar yadda aka yi da jerin irin Barimasur masu yawan ƙarfe da zinki.