Kiwon kaji: yadda ake kula da ɗan tsakon da ƙafarsa ta samu matsala

Ɗan tsakon da ba ya iya tsayuwa ba ya kai wa ga abinci da ruwa, kuma ƴan'uwansa ne ke tattake shi. Shi ya sa yawancin irin waɗannan ƴan tsaki ba ciwon ƙafar ke kashe su ba, yunwa ce da ƙishirwa. Abu na farko shi ne a ware shi a cikin kwali mai ɗumi, digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a aje masa ruwa a mazubi marar zurfi don kada ya faɗa ciki. Daga nan sai a duba irin matsalar, domin ba duk gurguntaka ce iri ɗaya ba.

Wadda masu na'urar ƙyanƙyasa a Maraɗi da Yamai suka fi gani ita ce warewar ƙafafu: ƙafa ɗaya ta yi dama, ɗaya ta yi hagu, tsakon yana kwance bisa ƙirjinsa. Sau da yawa shimfiɗa ce sanadi. Jarida, leda ko kwali mai santsi ba sa bai wa farcensa abin kamawa. Hawa da saukar zafi a cikin na'ura a kwanaki 21 na kwanci, musamman in wuta na yawan ɗaukewa, shi ma yana haifar da ita. Gyaran ba shi da tsada. A yanki siririyar filasta, a naɗa a ƙwaurin kowace ƙafa, a haɗa su da tazara daidai faɗin jikinsa, yadda zai tsaya kamar sauran. A shimfiɗa masa tsohon tawul ko ɓuntun shinkafa. Kullum a kwance a duba, domin tsako na girma da sauri, ɗaurin jiya yana iya matse shi yau. In an fara tun kwanakin farko, galibi cikin mako guda yake miƙewa. In an bari ya yi makonni, ƙashi ya riga ya ƙafe a haka.

Naɗewar yatsu kuwa, inda tsako ke tafiya bisa dunƙulalliyar ƙafa, tana da alaƙa da ƙarancin bitamin B2. Ana yanka masa ɗan "takalmi" na kwali, a miƙe yatsun a kai, a manne da filasta, sannan a sa bitamin na kaji a ruwan shansa.

A gidajen da ake kiwon gargajiya, abinci ne babban tushen matsalar. Tsakin gero da dusa suna cika ciki, amma sinadarin kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Tsakon da ke yawo da uwarsa yana cike giɓin da gara, ƙwari da ganye, yana kuma samun rana, wadda ke sa jikinsa ya haɗa bitamin D3. Wanda aka kulle a ɗaki mai duhu a kan dusa kaɗai, ƙashinsa na yin laushi. Ko bakinsa aka taɓa sai a ji yana lanƙwasa. Garin ƙashi, garin kifi da ɗan hasken safiya suna gyara wannan in bai yi nisa ba. Mafi wuya ita ce zamewar agara daga gaɓar da ke saman ƙwauri, wadda ƙarancin manganis da kolin ke jawowa: gaɓar ta kumbura, ƙafar ta juya waje. Da wuya ta koma daidai in ta daɗe.

Akwai kuma wani abu da ake rainawa. Zare, gashin kitso da ake zubarwa a tsakar gida, har da ƙyallen da ake ɗaura wa tsako a ƙafa don shaida, suna naɗewa su nutse cikin nama har yatsa ya mutu. A yanke su a hankali, a wanke wurin da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, a shafa Bétadine. Karayar ƙwauri, wadda taku ko murfin akurki ke jawowa, ana yi mata ɗori da tsinken ashana da filasta, kuma takan haɗe cikin mako biyu zuwa uku. Magungunan ciwon jiki na mutane ba na tsako ba ne.

Duk wannan ya shafi tsako ɗaya ko biyu. In da yawa suka gurgunce lokaci guda, ko ana ganin murɗewar wuya, koren zawo da mace-mace, to batun ya wuce filasta. Cutar Niyukasal, wadda ke share kaji a lokacin hunturu, tana shanye ƙafa da fiffike. Cutar Marek takan bayyana bayan makonni shida, kaza ta miƙa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Ba ta da magani, sai rigakafin ranar ƙyanƙyasa. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya a watan Fabrairun 2006, ƙa'idar ita ce a sanar da ma'aikatan kiwo mafi kusa, waɗanda ke iya aika samfuri zuwa LABOCEL a Yamai, maimakon a gaggauta kai sauran kajin kasuwa.

Tsakon da ya yi mako biyu ana jinyarsa amma bai iya kai kansa ga abinci ba, yana ta ramewa, masu kiwo da yawa sukan zaɓi su yanka shi da su bar shi cikin wahala. Wanda ya warke da ɗingishi zai iya girma ya yi nama ko ƙwai, sai dai in da lahanin aka ƙyanƙyashe shi, ba a barinsa don iri.