Gyaɗar Gayauna da Sauyin Suturar Samari a Karkarar Arewacin Kano, 1945–1975

Masu nazarin sutura a Ingila da Amurka sun saba cewa samarin bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun bijire wa iyayensu ta hanyar yar da kwat, suka koma wa wandon jins na 'yan ƙwadago. Wannan ma'auni ba zai auna ƙauyukan Bichi, Ɗambatta, Dawakin Tofa da Minjibir daidai ba. A nan samari miƙa hannu suka yi suka ɗauko ado irin na manya tun lokacinsu bai yi ba. Hujjata ita ce, gyaɗar gayauna ce ta ba su wannan dama, fiye da boko ko sinima, waɗanda ƙalilan ne daga 'ya'yan manoma suka kai gare su a wancan zamani.

Sai an fahimci gandu kafin a gane girman al'amarin. Saurayi yana noma gonar mahaifinsa, uba kuma ya ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari, ya tanadar masa kayan salla. Wanda ke biyan kuɗin riga kuwa shi ke zaɓen ta. Don haka ɗan talaka ya taso da bante ko warki a gona, sai taguwa ko 'yar shara ranar kasuwa; babbar riga ta maigida ce da malami da attajiri. Ƙofa ɗaya gandu ya bari a buɗe, wato gayauna, ɗan filin da saurayi ke nomawa don kansa bayan an tashi daga aikin gida.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta fara zama kuɗi. Bayan yaƙi Turai ta shiga ƙarancin man girki, aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, dalar gyaɗa ta tashi a birni. Saurayi ya kai amfanin gayaunarsa kan sikeli, ya karɓi sulallansa, babu mai tambayarsa. Ga kuma cin rani. Yankin nan cunkushe yake da jama'a, gonaki ƙanana, kamar yadda masani Michael Mortimore ya nuna a bincikensa na shekarun 1960, birni kuma kusa yake. Wanda ya kai itace a jaki ko ya yi dako a rani yakan dawo da 'yan kuɗi, ya kuma dawo da ido.

Keken ɗinki ne ya ƙarasa aikin. Rigar saƙi mai aikin hannu takan ci watanni, tela kuwa a rumfar kasuwa zai yanka yadin kanti ya ɗinka jamfa ko kaftani kafin kasuwa ta zagayo. Da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, yadi ya ƙara wadata. Alƙalan wannan ado kuwa suna dandali: 'yan mata, da makaɗin kalangu da ke wasa wanda ya fi tsaf. Su ma 'yan matan, da ribar talla da toshin samari, suka fifita atamfa da ɗankwali a kan zanen saƙi, lefe kuma ya bi sahu. Ina ganin siyasa ta ƙara wa abin ƙarfi, domin bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, sauƙin suturar Malam Aminu Kano ya nuna wa ɗan talaka cewa kaftani mai tsabta da hula sun ishe shi tsayawa gaban mai rawani.

Sai dai akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan ado, kuma ba a cika ambatonsu ba. Kowane turmin atamfa da ya shigo ƙauye ya rage cinikin masaƙi da marini, ya kuma rage na matan aure da ke cikin kulle, waɗanda kaɗin zare ne babbar hanyar samunsu. Uwa ta rasa kasuwar zarenta a daidai lokacin da ɗanta ke fita fes.

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 suka karya wannan tushe, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya mai da shadda abin yayi. Daga nan gayauna ta daina iya ɗinka wa saurayi rigar da dandali ke nema, sai ya bar gona ya nufi masana'antun Bompai da Sharaɗa ko kasuwar Kantin Kwari.