Kafso da Sankarar Jini: Darasi Daga Tarihi



Duk wanda ya ci kasuwar Talata Mafara ya ga yadda mutanen Bakura da Maradun kan sayi kafso a hannun 'yan tebur, ƙwaya biyu ko uku, domin zazzaɓi ko kumburi. A ganinmu aikin wannan magani guda ne, watau kashe ƙwayoyin cuta. Tarihin yaƙi da sankarar jini ya nuna aikinsa ya wuce haka.

Tun da Alexander Fleming ya gano penisilin a 1928, masana suka dukufa neman irinsa cikin ƙasa. A farkon shekarun 1960 aka samo wani jan magani, daunorubicin, a Italiya da Faransa. Dafinsa ya yi yawa ga cututtukan yau da kullum, amma sai aka tarar yana hallaka ƙwayoyin sankarar jini, kuma har yau ana aiki da shi.

Sai dai irin wannan magani yakan kassara fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki, har ƙaramar cuta ta kashe majiyyaci cikin kwana ɗaya ko biyu. A 1971 likitoci a Baltimore ta Amurka suka nuna cewa da zarar zazzaɓi ya taso wa irin wannan majiyyaci, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta nan take, kada a jira sakamakon awo.

Darasi na uku ya fi ɗaci. An san azithromycin yana kwantar da kumburin huhu. Saboda haka a 2014 likitocin Faransa suka fara gwada shi ga waɗanda aka yi wa dashen ɓargo, domin kare huhunsu. A ƙarshen 2016 tilas aka tsai da gwajin, domin sankarar ta fi komowa ga waɗanda suka sha shi. Bincike na baya ya nuna maganin yana sanyaya ƙwayoyin garkuwa masu farautar ragowar sankara. Watau garin kashe kumburi aka kwance wa jiki ɗamara. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka.

To, ina ruwan manomin Bakolori da wannan? Kafson da ake sha barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Ranar da aka kai ɗansa asibitin koyarwa na Sakkwato da sankarar jini, garkuwarsa ta faɗi, ransa ya rataya ne ga maganin da wataƙila mun riga mun dakusar. Abin da ya ruɗi ƙwararrun Faransa bai kamata a bar shi a kan tebur ba. Ku da za ku riƙe ofisoshin lafiya gobe, wannan amana tana wuyanku.