Tekzas: Jamhuriyar Da Ta Shekara Tara Tana Jira A Zaure

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya zan ba ku tarihi, ko da yake da na karanta labarin Tekzas sai na ga kamar budurwa ce ta gudu daga gidan ubanta saboda saurayi, shi kuwa ya bar ta a zaure tana jira.

Tekzas yankin Mekziko ne. Bayan Mekziko ta sami 'yanci a 1821, ta bar Amurkawa su shigo su yi noma, Stephen Austin kaɗai ya kawo iyalai 300. To amma da bayinsu baƙaƙen fata suka zo, don auduga suke nomawa. A 1829 Mekziko ta haramta bauta, a 1830 ta hana ƙarin baƙi shigowa. Su dai baƙin sun ce danniyar Janar Santa Anna ce ta sa suka yi tawaye, kuma ba ƙarya ya danne su, amma ni na fi zargin maganar bayin nan.

Ranar 2 ga Maris 1836 suka ɓalle. Kwana huɗu bayan haka Santa Anna ya karkashe mayaƙansu a Alamo. Sai ga Sam Houston ya yi wa rundunarsa dirar mikiya a San Jacinto ranar 21 ga Afrilu, cikin minti 18 aka gama, washegari aka cafke shi kansa Janar ɗin.

Abin mamaki, a watan Satumba na wannan shekarar, ƙasa ko yaye ba a yi mata ba, jama'arta suka jefa ƙuri'ar a haɗe su da Amurka. Amurka ta noƙe. 'Yan arewacinta ba sa son ƙarin jiha mai bayi, ga tsoron yaƙi da Mekziko. Haka Tekzas ta zauna da tutarta mai tauraro ɗaya, Faransa da Ingila suka amince da ita, amma baitulmali wayam. Kuɗin takardar da shugaba Lamar ya buga suka zama kamar ganye, bashi ya kai kusan dala miliyan 10.

A 1844 ma majalisar dattawan Amurka ta ƙi, da ƙuri'a 35 da 16. Sai da aka ga Ingila na zawarci, sannan saurayi ya zabura. Daga baya Mekziko ta ce za ta amince da 'yancin Tekzas in har ba ta shiga Amurka ba. Tekzas ta yi watsi da tayin Mekziko, ranar 29 ga Disamba 1845 ta zama jiha ta 28. A Fabrairun 1846 shugabanta na ƙarshe, Anson Jones, ya sauke tuta.

Ba a gama buɗar kai ba yaƙi ya ɓarke, zuwa 1848 Mekziko ta rasa kusan rabin ƙasarta. Bayin kuwa, Allah sarki, sun kai 5,000 lokacin da aka ɓalle, a ƙidayar 1860 sun haura 180,000.